Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Kula da Sadarwa ta Kamaru: zangon da aka killace ba a noma ba

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Kula da Sadarwa ta Kamaru, wato ART,
Yawunde.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni mai gyaran waya ne a Kuseri. Rumfar da nake zaune a cikinta ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, shi kuwa rediyo yake gyarawa. A hannunsa na fara sanin cewa iskar nan da muke gani fayau a cike take. Yakan ɗora ni a kan benci, ya kwance bayan akwatin rediyo, ya sa ni in riƙa murɗa maɓalli a hankali muna kallon allura tana tafiya: mita 49, mita 41, 31, 25, 19, har 16. Nan Landan, can Jamus, gaba kaɗan Kaduna. In tasha biyu suka hau kan juna sai shuu da kuwwa, sai ya ce da ni, "Ka ji su nan, mutum biyu a rumfa ɗaya, ba mai jin cinikin wani." Rediyo ta ja baya, waya ta zo, amma maganar nan tasa ba ta tsufa ba, kuma a kanta na rubuto maka, wato yadda ake rabon zangon iskar da waya ke tafiya a kai.

Da Hausa na rubuto, da gangan. Na san ofishinku da Faransanci da Ingilishi yake aiki, amma ba za a rasa mai karanta maka ita ba a reshenku na Garwa. Ina so masu banda da 'yan moto da matan da ke zuwa rumfata da waya a ƙulle a bakin zane su iya karanta abin da aka faɗa da sunansu.

Saboda su bari in fara da abin da ka fi ni sani. Duk abin da ke magana ba tare da igiya ba, rediyo ne ko talabijin, wayar hannu ce ko oba-obar 'yan sintiri, ko na'urar da matuƙin jirgi ke magana da filin jirgin Garwa, a kan wani zango yake tafiya, abin da kuke kira firekans, ana kuma auna shi da megahaz. Tashoshin FM, alal misali, duk suna tsakanin 87.5 da 108. Zango ba ya ƙarewa kamar fetur, sai dai wanda ba a yi aiki da shi yau ba ya tafi ke nan, kamar ruwan kogin Logon da ya wuce gada jiya. Kuma wurin ƙunci ne, shi ya sa ake rabo. Ƙasashen duniya suna da ƙungiyarsu ta sadarwa, ITU, wadda aka kafa tun 1865, mazauninta a Janeba. Duk shekara uku zuwa huɗu suna zama su tsara wane yanki na zango za a yi wane aiki da shi. A ƙarshen 2023 a Dubai suka zauna. Daga nan kowace ƙasa ta koma gida ta raba nata. Mu a nan dokar 1998 ce ta haifi hukumarku, dokar Disamba 2010 kuma ta ajiye zango a cikin dukiyar ƙasa. Akwai kwamitin haɗin gwiwar ma'aikatu da ke yanka manyan kaso, na soja, na jiragen sama, na gidajen rediyo, na waya. Ku kuma kuke ba wa kamfanoni, kuke sa ido.

Dukiyar ƙasa, ranka ya daɗe, ta mutanen ƙasa ce. A makarantar allo aka karantar da mu cewa mutane abokan tarayya ne a cikin ruwa da ciyawa da wuta. Ni a ganina zango ɗan'uwansu ne. Ba wanda ya ƙera shi, ba wanda ya gada a wurin kakansa. Amana ce a hannunku.

To, ba kowane zango ne daidai da wani ba, kuma a nan ne maganar ta shafe mu mu mutanen arewa mai nisa. Duk wanda ya kwana a bakin kogi ya san in ana biki a tsallake, ƙarar ganga ce ke iso maka, algaita kuwa sai ka matsa kusa. Haka abin yake. Ƙananan zanguna, 700 da 800 da 900, suna cin nisa, suna ratsa katangar ƙasa da ganyen darbejiya. Manya, 1800 da 2100 da 2600, suna ɗaukar kaya da yawa amma ba sa nisa; su ne na Duwala da Yawunde, inda antena ɗaya ke ciyar da unguwa mai mutum dubbai a cunkushe. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Daga Waza zuwa bakin tafkin Cadi ba dutsen kirki da zai tare sigina, ƙauyuka kuwa warwatse suke, wannan ba ya hango wancan. Antena ɗaya mai tsawo a kan ƙaramin zango za ta yi aikin da sai an kafa da yawa a kan babba. Wato idan akwai wurin da aka halicci 700 da 800 dominsa, to nan ne.

Waɗannan biyun a da na talabijin ne. A 2006 ƙasashen yankinmu suka sa hannu a Janeba cewa zuwa 17 ga Yuni 2015 za a kashe tsohuwar talabijin a koma ta dijital, wadda ke cusa tashoshi da yawa a gurbin da ɗaya ke ci a da, daga baya kuma aka amince a kwashe rarar a ba wa waya: daga 790 zuwa 862, sannan daga 694 zuwa 790. Wa'adin ya wuce da shekaru. Mu dai a nan mai hali ya kafa farantinsa a kan rufi yana kallon tauraron ɗan'adam, marar hali yana kallo a gidan maƙwabci. Ba wanda na sani da ke jiran tsohuwar eriya. Zangon nan a samanmu yake, shiru.

Ina da ƙane da ke sarin banda a ƙauyukan bakin tafki, wajen Blangwa da Darak. Akwai wani ƙauye da yake sauka, ba zan kira sunansa ba don kada a ce na yi musu tonon silili. Duk garin wuri ɗaya ne rezo, wato siginan waya, ke taɓawa: wani tsohon suri da ke bayan makarantar allo, kusa da wata ƙaya. Da la'asar za ka tarar da layi. Mutum ya hau surin, ya ɗaga waya sama da hannu ɗaya kamar mai kiran ruwa, ya jira sandar sigina ɗaya ta fito a gilashin wayar, sannan ya danna kira ya sa a lasifika, don in ya sauko da ita kunne ta gudu. Saboda haka ba mai sirri a garin. Wanda ake bi bashi, wadda mijinta ya yi shiru a Legas, duk layi na ji. Wasu sun ɗaura jaka a reshen ƙayar, suna barin wayoyinsu a ciki tun safe don saƙonni su taru, yaro yana gadi ana ba shi dala biyar. Abin dariya ne in ana ba da labari a rumfa, amma ga inda ba dariya: inda ba rezo ba a tura kuɗi ta waya. Ƙanena kuɗin sari a jikinsa yake ɗaurawa, ya bi hanyar da kowa ya san zargina, 'yan fashin hanya, na tarewa. Sau ɗaya an tare su, aka kwashe har takalma. Ya dawo da ransa, mun gode Allah. Da akwai sanda biyu tsayayyu a garin nan, da kuɗin suna cikin layinsa.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A Maris 2015 MTN da Orange suka sabunta lasisinsu, kowanne a kan sefa biliyan 75, na shekara 15, har da izinin 3G da 4G. Kafin su an ba Nexttel nata, wadda ta fara aiki a 2014, Camtel kuma ta samu a 2020. Irin wannan lasisi na ƙasa baki ɗaya ne. Ma'ana, zangon da ke saman kasuwar Duwala da wanda ke saman surin nan duk mai su ɗaya ne. A Duwala yana aiki dare da rana. A bakin tafki kuwa an killace shi ne kawai. Ban zargi kamfani ba a kan lissafinsa, ni ma ɗan kasuwa ne: antena na son ƙarfe da batir da hasken rana ko man gazuwal da mai gadi, hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri kowa ya san halinta, ga rashin tsaro. In ka kashe miliyoyi don mutum ɗari biyar masu sa kiredin dala ashirin, yaushe za ka fanshe? Na fahimta. Abin da ban fahimta ba shi ne, wanda ba zai noma ba, don me doka za ta hana wani ya noma?

Malamanmu na ba da labarin Sayyidina Umar da wani sahabi da aka yanka wa fili mai faɗi a kwarin Aƙiƙ. Da ya ga ba zai iya aikinsa duka ba, Umar ya ce ya riƙe abin da zai iya rayawa, sauran ya karɓe ya raba wa jama'a. Daga gare shi kuma aka ruwaito cewa wanda ya kewaye fili ya bar shi, ba shi da haƙƙi bayan shekara uku. Ko a ƙauye ma haka bulama ke yi: gonar da mai ita ya yi shekaru bai taɓa ba, akan ba wani aro, ya ci amfani, gona na nan ta mai ita. Abin mamaki, Turawan Ingila sun zo sun faɗa kan wannan hukunci ba tare da sun yi karatun allo ba. Tun 2019 hukumarsu ta sadarwa ta buɗe ƙofa: idan kamfanin waya yana riƙe da zango a wani wuri, ba ya aiki da shi, ba shi kuma da shirin yi nan kusa, kowa na iya neman izinin aiki da shi a wannan wurin kaɗai, na shekara uku, a kan fam 950. Manomi ne, mai ma'adinai ne, ƙungiyar ƙauye ce, duk ɗaya. Kamfani bai rasa lasisinsa ba, in ya tashi zuwa sai a ba shi wurinsa.

Wanda ya fi kama da mu shi ne na Meziko. A 2016 hukumar can ta ba wata ƙungiyar ƙauyukan 'yan asalin ƙasa lasisi a kan ɗan yanki na zangon 850, a jihohi irin su Wahaka inda manyan kamfanoni suka ce ba riba. Ƙauyukan suka haɗa kuɗi suka kafa ƙananan antenoninsu, kowane mai layi na biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a wata, su suke gyara kayansu. Afirka ta Kudu kuma a 2018 ta fitar da ƙa'idar amfani da gibin da ke tsakanin tashoshin talabijin, daga 470 zuwa 694, inda na'ura ke tambayar rumbun bayanai wane gurbi ne babu kowa a wannan wurin kafin ta yi magana. Gibin nan a wurinmu ya ma wuce a kira shi gibi, fili ne fetal. Kada a ce mana ba mu da masu iyawa. A Marwa akwai jami'a, akwai makarantar injiniyoyi, yaran da suka gama suna nan suna tuƙa moto. A layin rumfunanmu akwai matasan da ke cire ƙwaƙwalwar waya da iska mai zafi su dasa wata, abin da ko ido ba ya gani sai da madubi. Kafa ƙaramar antena mai batir da hasken rana ba zai gagare su ba. Takarda ce babu.

Lasisin 2015 zai cika a 2030. Tun ran gini, tun ran zane. Roƙona shi ne, duk takardar da za a sabunta ko a bayar sabuwa, musamman a kan 700 da 800 da 900, a rubuta a ciki ƙarara: gundumar da kamfani bai kunna ba cikin shekara uku, hukuma na da ikon ba wa wani aron zangon a can, ko ƙungiyar gari, ko ƙaramin kamfani, ko ma'aikatar magajin gari, kuma dole babban kamfani ya yarda a haɗa layi da shi don kira ya fita ya shigo. In ba a haɗa ba, an ba mutum rijiya ne ba guga.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita ce ke da nauyi a teburin minista. Gwanjon zango yana da daɗi ga baitulmali. A 2000 Ingila ta tara fam biliyan 22.5 a gwanjon 3G. Maƙwabtanmu Nijeriya a 2001 kowane kamfani ya biya dala miliyan 285 ta Amurka, a ƙarshen 2021 kuma na 5G ya tashi a kan miliyan 273.6 kowanne. Amma kamfani ba daga aljihun kakansa yake biya ba. Daga kiredin tsohuwar nan mai ƙosai zai fanshe, kuma duk abin da ya zuba a baitulmali a rana ɗaya, antenonin ƙauye ne ya rage. Faransa, wadda muke yawan kwaikwayon dokokinta, ta gane haka: a farkon 2018 ta yarda ta sabunta wa kamfanoninta zangunansu ba tare da gwanjo ba, su kuma kowanne ya ɗauki alkawarin kai rezo sababbin wurare 5,000, mahukuntan yankuna ne ke nuna inda ake bukata. In za a kwaikwaya, ga abin kwaikwayo. A rage musu kuɗin lasisi, a miƙa musu jerin sunayen ƙauyuka, da ranar da za a kunna kowanne. Kada a rubuta "kashi kaza cikin ɗari na jama'a", don wannan kason a manyan birane ake cika shi, mu kullum a cikin ragowar muke. A rubuta Zina, a rubuta Hile-Alifa, a rubuta Makari da Gulfe da ƙauyukansu.

A 2023, bayan da mutane suka yi ta sa wayoyinsu a yanayin jirgi don nuna fushi, hukumarku ta ci kamfanoni huɗu tarar sefa biliyan 6 a kan rashin ingancin aiki. Mun ji, mun yaba. Amma wanda ke kan suri bai ga bambanci ba. Da za a riƙa cewa wanda aka ci tara ya biya da antena a inda hukuma ta nuna, da tarar ta zama abin da ake iya nunawa da yatsa. Haka nan asusun musamman na sadarwa, wanda doka ta sa kamfanoni ke zuba kashi 3 cikin 100 na cinikinsu a ciki domin kai sadarwa inda ba riba. Kuɗinmu ne, daga katinmu aka cire. A buga mana a fili duk shekara, gunduma gunduma, abin da aka yi da shi a Logon da Shari.

Bari in dawo gida Kuseri, inda matsalar ta juye: a nan sigina ya yi yawa ne. Tsakaninmu da Injamena kogi ne kawai da gadar Ngeli. Da dare fitilunsu muke gani. Antenonin babban birnin wata ƙasa suna kallonmu, sigina kuwa ba ya tsayawa a shingen kwastan ya nuna takarda. Ba a yin mako ba a kawo mini waya an ce ta lalace ba: "Malam, duba mini, kiredi na zuba jiya, ban kira kowa ba, ya ƙare." In karɓa in duba saman gilashi, sai in ga sunan kamfanin tsallake. Wayar ta ga siginan da ya fi ƙarfi ta bi shi, mai ita yana kwance a ɗakinsa a Kamaru amma lissafi ya ɗauke shi matafiyi a ƙasar waje, har amsa kira ana cajinsa. Wata dattijuwa da ke zaune a bakin ruwa, 'yarta na aure a Ngawundere, sau uku tana zuwa. Na shiga saitin wayar na kashe zaɓin rezo na kai-tsaye, na ɗaure ta a kan kamfaninta, na ce, "Inna, kada ki bari jikoki su taɓa nan." Ta ce to ai yanzu in tana cikin ɗaki ba ta samun kowa sai ta fito tsakar gida. Gaskiyarta, domin na gida rauni gare shi a unguwarsu. Ban karɓi kuɗinta ba, me na gyara? Mutanen Fotokol haka suke fama da na Gambaru, sai dai su wani lokaci alheri ne, don in na gida ya ɗauke, na Nijeriya ne ke fitar da su kunya. Shi ya sa kusan kowa a nan layi biyu ko uku gare shi, 237 na Kamaru da 235 na Cadi, wani har da 234 na Nijeriya.

Maganin wannan sananne ne a wurin injiniyoyinku. Hukumomin ƙasashen biyu su zauna su yanka iyakar ƙarfin da sigina zai kai a bakin iyaka, a sunkuyar da kawunan antenonin da ke kallon kogi, a raba tashoshi, waɗannan naku ne a bakin ruwa, waɗannan namu. Takwararku ta Cadi, ARCEP, tana nan tsallake, tafiyar da ba ta kai ta zuwa Logon Birni ba. Duk abin da aka sa wa hannu da ita ko da hukumar Nijeriya, a buga shi mu gani, a kuma zo da motar awo a zaga unguwannin bakin ruwa, safe da dare, rani da damina, don sigina a kan ruwa ya fi cin nisa. Sannan ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da mu da Cadi ke ciki, sun amince tun shekarun baya a sauke tsadar kira ga mai yawo da layinsa a tsakaninsu. Ranar da wannan ya tabbata a cikin wayar dattijuwar nan, rabin kukan Kuseri ya ƙare, ko da sigina ya ci gaba da haurowa.

Akwai laifin da yake namu, ba zan ɓoye ba. Saboda raunin rezo, mutane na sayen ƙananan na'urorin ƙara ƙarfi da ake shigowa da su a kwali, a kafa eriya a kan gora, a ja igiya zuwa falo. An sha kawo mini in haɗa. Mai gida yana samun sanda huɗu, amma yawancinsu ba su da tacewa, suna mayar wa antenar kamfani da hayaniya, sai maƙwabta goma su rasa kira ba su san dalili ba. Na daina haɗawa, na kuma faɗa wa abokan sana'a. Sai dai kamu kaɗai ba zai hana ba, don mai ƙishirwa ba ya tambayar rijiyar wa ce. Ku fitar da sunayen na'urorin da kuka gwada kuka yarda da su, a sayar da su a fili, sannan a kama sauran.

Kusan haka maganar Starlink take, wato intanet ɗin da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam zuwa faranti. Nijeriya ta fara aiki da shi a farkon 2023, Cadi ta ba shi izini a ƙarshen 2024, mu kuwa a Afrilun 2024 umarni aka ba kwastan su kama kayansa. Na san dalilan: ba lasisi, ba haraji, ga tsoron kada ya faɗa hannun mutanen daji. Dalilai ne masu nauyi, mu da muka binne 'yan'uwa ba za mu raina maganar tsaro ba. Amma abin da ke halal a tsallaken gada, kwalekwale ɗaya ya ishe shi haurowa. Gara a san kowane faranti da sunan mai shi da inda yake. Kuma ga ƙaramar antenar ƙauye da nake roƙo a ba wa izini, tauraro ne hanya mafi sauƙi da za ta haɗu da sauran duniya, tunda igiyar fiba ba za ta bi ta cikin fadamar yayre ta kai Darak gobe ba.

In ana shakkar abin da sakin ɗan zango ga jama'a ke haifarwa, a dubi Wi-Fi. A 1985 hukumar Amurka ta saki wasu zanguna da ake ɗauka shara ne, har da 2400 inda tukunyar ɗumama abinci ta lantarki ke hayaniya, ta ce kowa ya yi aiki ba lasisi muddin bai ɗaga murya da yawa ba. Daga wannan juji Wi-Fi ya fito, da Bluetooth ɗin da yara ke tura wa juna hotuna. Yau a Kuseri akwai matasan da ke cin abinci da shi, suna sayar da tikitin awa ɗaya a bakin tasha. Ku faɗaɗa musu. Ƙasan zangon 6000, daga 5925 zuwa 6425, ƙasashe da dama sun riga sun sake shi ga Wi-Fi. A kuma sauƙaƙa izinin 'yan ƙananan faranti masu harba intanet daga wannan ƙauye zuwa wancan, kada mai son haɗa makaranta da asibitin gari ya yi ta safa da marwa zuwa Yawunde da takardu kamar mai kafa kamfanin ƙasa.

Duk abin da na lissafa yana tsaye ne a kan abu guda da ba ya cin kuɗi: a nuna mana taswira. Wane kamfani ke riƙe da wane zango, daga ina zuwa ina, har yaushe, kuma a wace gunduma ya kunna shi. Fili ma da ake rigima a kansa akwai littafinsa a ofishin ƙasa. A sa a shafinku, a kuma manna kwafi a ofishin su-firife, wato shugaban mulkin gunduma, a karanta a gidajen rediyon yanki da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Kotoko da Hausa. Kafin a zauna maganar 2030, a yi zama ɗaya a Marwa, ɗaya a Kuseri, a kira sarakuna da lawanai da shugabannin masunta da makiyaya da mu masu gyara. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, kuma taswirar da kamfani ya zana da kwamfuta a ofis tana nuna kore a wuraren da mu muka san sai an hau suri.

Idan ka tashi turo masu awo, ranka ya daɗe, kada su zo a watan Janairu lokacin da hanya ta bushe. Su zo a Satumba ko Oktoba, sa'ad da Logon ya cika ya tumbatsa kamar yadda ya yi a 2022 da 2024, lokacin da mutanen da ruwa ya kewaye ke neman sanda ɗaya su faɗi inda suke. Su tambayi layin masu gyaran waya a babbar kasuwa, za a nuna musu rumfar da ke da tsohuwar rediyo mai allura a kan kanta. Zan rufe rumfa in raka su. Ƙanena zai samo kwalekwale, man injin kuma a kaina.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran waya,
Babbar kasuwar Kuseri, Jihar Arewa Mai Nisa.